Na dafa Alƙur'ani na bar sigari, kara ɗaya ya mayar da ni

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Funtuwa, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun ina ɗan shekara 19 nake shan sigari, kara 10 zuwa 12 a rana. Sau uku ina bari ina komawa, na ƙarshen ne ya fi ci mini rai. 'Yata mai shekara 6 tana da asma. Wani dare numfashinta ya sarƙe muka kwana a asibiti, likita ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, na sunkuyar da kai. Da muka dawo na dafa Alƙur'ani a gaban maiɗakina na rantse na bari har abada. Na yi wata huɗu cur ban taɓa ba. A goman ƙarshe na azumi ɗinkin Sallah ya yi mana yawa muna kwana a shago. Wajen ƙarfe biyun dare barci ya ci ƙarfina, maƙwabcina ya kunna, na ce ya sam mini kara ɗaya in wartsake. Kafin a sauko daga Idi na koma gidan jiya. Yau wata bakwai ina sha a ɓoye, in zan shiga gida in tsotsi Tom Tom in fesa turare. Maiɗakina kuwa tana ta sa mini albarka, tana faɗa wa 'yan'uwanta na bari. Wani abokina ya ce sammu aka yi mini. Ni dai na fara ganin zuciya ce ba ni da ita. Yaya zan yi da rantsuwar? In faɗa mata? In na sake bari, me zai hana ni komawa?

Wani tela, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ba yarinya lafiya mai ɗorewa.

Maganar zuciya ce ta fi taɓa ni a wasiƙarka, da ita zan fara. Wanda ya shekara fiye da 20 yana shan taba, ya ajiye ta dare ɗaya, ya yi wata huɗu bai waiwaye ta ba, ba a ce masa marar zuciya. Na san abin da watannin nan suka ci maka, domin ni ma na sha, shekara 17, kuma sai a karo na huɗu muka rabu. A karo na uku wata bakwai na yi. Ranar da aka binne wani aminina, bayan sallar Isha muna tsaye a bakin lungu, wani ya miƙo kwali, na zari kara ɗaya. Har yau ina jin ƙarar ƙyasta ashanar nan. Da na zuƙa kaina ya juya, bakina ya yi ɗaci, na ce a raina: alhamdu lillahi, ashe ta fita kaina, ba abin tsoro kuma. Wannan tunanin ne ya kayar da ni. Kwana uku tsakani na sayi kara biyu, mako bai zagayo ba na sayi kwali, na ƙara shekara biyu a ciki. Saboda haka ban ga baƙon abu ba a ƙarfe biyun darenka.

Batun sammu, ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, wannan ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma kada ka kai wa kowa kuɗinka don ya karya maka wani abu. Abin da ya ɗaure ka yana cikin karan, sunansa nikotin. In ka zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki sinadarin da ke kawo jin daɗi da wartsakewa. Bayan kamar awa biyu rabinsa ya bar jini, sai ƙunci ya taso, ido ya ƙi tsayawa a kan allura, ka kunna wani, ka ji sanyi a ranka. Sanyin nan da muke cewa taba na kwantar da hankali, ƙuncin da ita ta haddasa ne take ɗage maka na ɗan lokaci. Kara 10 a rana, kara 3,650 ke nan a shekara, kowanne da zuƙa goma ko fiye. Ka duba sau nawa hannunka ya je bakinka tun kana saurayi: bayan cin tuwo, bayan shayi, in an ɗauke wuta, in mai kaya ya yi maka tijara a gaban yaranka. Ƙafarka ba ta shawara da kai kafin ta taka keke. Haka hannun ya haddace hanyar aljihu.

Ƙishirwar da jiki ke yi wa nikotin takan lafa cikin makonni. Haddar nan ce ba ta gogewa, kwanciya kawai take yi, kuma kara ɗaya ya isa ya tashe ta. Masu bincike sun daɗe da lura cewa mafi yawan waɗanda suka ɗan ɗana bayan sun bari, komawa suke yi gaba ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kada kuma ranka ya raya maka cewa za ka tsaya a kan kara ɗaya ko biyu a rana. Wani babban nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak kullum yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara 20. Ga ire-irenmu ni da kai, dokar ita ce ko zuƙa ɗaya.

Ka tambaya ko ka faɗa wa maiɗakinka. Ka faɗa mata, a cikin makon nan. Kai tela ne, ka fi ni sanin yadda yadi ke riƙe wari. Matar da ke wanke rigunanka, take kwana kusa da numfashinka, alewa ba ta isa ta toshe mata hanci wata bakwai ba. Ina kyautata zaton ta sani, asiri take rufa maka, tana jiran ka buɗe baki da kanka. In ma ba ta sani ba, gara ta ji daga bakinka da ta tsinci guntu a aljihun rigarka. Ka bari yara su yi barci, ka zaunar da ita, ka ce: "Na karya alkawarin da na yi miki tun cikin azumi, kunya ce ta hana ni faɗa. Na sa ranar da zan sake bari, taimakonki nake nema." Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka. Ka bar ta ta yi, tana da gaskiya, kada ka kare kanka da yawan aiki.

Ga dalilin da ya sa na nace a kan wannan. Ka koma daren nan na goman ƙarshe. Da a ce ka shiga gida lokacin sahur ka ce mata "yau na zame, na sha ɗaya," da ta yi faɗa, da kai ma ka ji nauyi, da wataƙila a kan kara ɗayan abin ya tsaya. Rantsuwar da ka yi ce ta sa faɗar hakan ta fi ƙarfin bakinka. Ka yi shiru, kuma wanda ya ɓoye kara ɗaya ba abin da zai hana shi ɓoye na biyu. Taba na son ɓoyo ƙwarai, a nan take ƙiba. Don haka abin da za ka roƙa a wurinta ƙarami ne: kullum dare ta tambaye ka, "Yau fa?", kai kuma ka ba ta amsa ta gaskiya ko da mai ɗaci ce. Ka roƙe ta kada ta riƙa lalube maka aljihu, kada kuma ta yi shela a dangi sai an kwana biyu.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye maka ba. Turaren da kake fesawa don rufe warin, shi kansa yana daga cikin abubuwan da ke tayar da asma ga wasu yara. Ragowar hayaƙi kuma tana maƙalewa a tufafi da fata, da ita kake shiga gida yarinya ta rugo ta rungume ka. Ka ga ɓoyon bai kare ta ba, nauyi biyu ya ɗora wa ƙirjinta.

Rantsuwa tana da kaffara, Allah bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta faɗa: ciyar da miskinai goma daga matsakaicin abin da kake ciyar da iyalinka, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ka je wurin malamin da ka amince da shi, ka faɗa masa lafazin da ka yi, ya fayyace maka yadda za ka fitar. Ka sauke wannan nauyin ka nemi gafara. Amma kada ka sake dafa Alƙur'ani a kan wannan magana. Niyya kana da ita tun farko. Shiri ne ya yi ƙaranci.

Ka sa rana cikin mako biyu masu zuwa. Na san abin da zuciya za ta ce: bari azumi ya zo a bari gaba ɗaya. Kada ka saurare ta. In ka lissafa daga ƙaramar Sallah, saura kamar wata huɗu azumi ya kama, kuma a wurin tela azumi shi ne lokacin da aiki ya fi tsanani. Ina so goman ƙarshe ta same ka da ƙafafunka sun yi ƙwari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ranar, ka juya bayan littafin awonka. Kwana uku, duk karan da ka kunna ka rubuta lokaci, da wurin, da wanda kuke tare. Za ka ga wurare huɗu ne ko biyar ke ta maimaituwa, su ne ramukan da ke kan hanyarka, kowanne ka tanadar masa abin yi. In bayan shayin safe ne a teburin mai shayi, ka karya a gida wata guda. In majalisar bayan Magariba ce inda ake busawa, ka ƙaurace mata na wani lokaci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka je wurin mai teburin da kake saye, ka biya shi bashinsa in akwai, ka ce masa a gaban mutane ko ka zo kana roƙo kada ya sayar maka. Dokar taba da aka sa wa hannu a Najeriya a 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma ni da kai mun san a bakin kowane layi ana sayarwa, kuma sauƙin nan na sayen kara ɗaya da canjin aljihu shi ke mayar da mutane da yawa. Yaran da ke koyon ɗinki a hannunka, daga yau kada ka sake aiken ko ɗaya sayen taba. Maƙwabcinka kuwa ba maƙiyinka ba ne, kai ka roƙe shi. Ka same shi cikin mutunci ka ce, "Don Allah in za ka sha ka ɗan matsa daga ƙofata, kuma ko na roƙe ka, ka hana ni." Daren jajibirin ranar ka fitar da ashana da laita daga shago da aljihu. In kana ƙona bakin zare da laita, ka ba babban yaronka ya riƙe.

Kwana na biyu da na uku su ne masu zafi. Za ka ji saurin fushi, ciwon kai, yunwa, barci ya ƙi zuwa, ciki ya ɗaure, hankali ya ƙi taruwa wuri ɗaya. A kwanakin nan kada ka sa almakashi a shaddar mutane mai tsada; ka yi guga, ka sa maɓallai, ka yi kalmasa. Daga mako na biyu zuwa na huɗu abin yakan yi ta sauka. Ita sha'awar in ta taso kamar za ta tsaga ƙirji, amma mintoci kaɗan take yi ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Aikinka shi ne ka cinye mintocin nan. Ka tashi daga kan keke, ka sha ruwa a hankali, ka yi alwala, ka taka zuwa ƙarshen layi ka dawo. Ni aswaki ne ya cece ni, da kanumfari a aljihun gaba, daidai inda kwali yake zama, don in hannu ya je ya samu abin ɗauka. Aya da gyaɗa ma suna aiki. Ka yi hankali da alewa da lemon kwalba, domin da yawa kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko.

Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi. In ka bar taba, goron da ka saba ci zai daɗe a jikinka fiye da da, sai ka ji gaba na faɗuwa, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, ka ɗauka rashin taba ne. Mutane kan ƙara goro don su manta sigari, su ƙara wa kansu wahala. Ka rage shi zuwa rabi, bayan La'asar kuma ka haƙura da shi. Shisha da tabar gari ta shaƙa ko ta matsawa a leɓe kuwa, duk nikotin ɗin ne ya sake riga, shisha ma har da hayaƙin gawayi a kai.

Sau uku ka gwada da ƙarfin zuciya kaɗai, wannan karon ka nemi magani, ba abin kunya ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan taimaka wa manya su bar taba, ta amince da cingam da filastar nikotin, da ƙwayoyin bareniklin, bufurofiyon da sitisin. Cingam da filasta suna ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da hayaƙi ba, ana rage shi a hankali cikin wata biyu zuwa uku, kuma suna ƙara yiwuwar nasara da kimanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a kan wanda bai yi amfani da komai ba. Ba a ko'ina ake samunsu ba, sai manyan kantunan magani na birane, kuma ba su da arha, amma ka auna da kuɗin taba na wata uku. Shi cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara: ka ɗan tauna har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa. Ƙwayoyin kuwa sai likita ya rubuta, domin bufurofiyon bai dace da mai farfaɗiya ba. Ranar da za ka mayar da yarinya asibiti, ka ce wa likitan nan da ka sunkuyar wa kai, "Ni ne mai shan, ina so in bari, ku taimake ni." Masu yawo da lasifika suna tallar maganin wanke ƙirji, da masu cewa madara na wanke dattin taba, ka bar su da kayansu. Huhu da kansa yake share kansa in an daina zuba masa hayaƙi, shi ya sa wasu tari ke ɗan ƙaruwa musu a makonnin farko. Amma tarin da ya wuce mako biyu, musamman da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko jini a majina, a je a yi gwajin tarin fuka. Kyauta ake yinsa a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta ne, kuma masu shan taba sun fi saurin kamuwa da shi.

Jikinka ba zai ɓata lokaci ba wajen biyan ka. Iskar nan mai guba da janareta ke fitarwa, wadda ke kashe iyali guda in an kwana da shi a ɗaki, akwai irinta a hayaƙin sigari. Cikin awa 12 da barin taba takan koma daidai a jini. Cikin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu sukan inganta. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yakan sauko zuwa kusan rabin na mai sha. Rai a hannun Allah yake, amma a lissafin likitoci wanda ya bari a wajen shekara 40 yakan samu ƙarin kusan shekara 9 a kan wanda ya ci gaba. Shekarunka ke nan daidai.

Saura babban ramin, goman ƙarshe. Abin da ya kayar da kai bara zai dawo da kamanninsa: tulin yadi, barci, ƙarfe biyun dare, warin taba daga maƙwabta. Mutumin da ya kwana uku bai yi barcin kirki ba ba ya iya yanke shawara mai kyau, saboda haka tun yanzu da rana tsaka za ka yanke ta. Ka ƙayyade adadin ɗinkin da za ka karɓa, ka rufe littafi da wuri, ko wane ne ya zo ka ba shi haƙuri. Na san da ciwo, lokacin ne tela ke samun na shekara. Don haka daga ranar da ka bari, kuɗin taba na kowace rana ka miƙa wa maiɗakinka ta jefa a asusu. Kafin azumi zai rage maka giɓin kayan da ka mayar. In barci ya zo, ka kashe keke ka miƙe a kan tabarma minti 20, yaro ya tashe ka, ka wanke fuska da ruwan sanyi. In kana da cingam ɗin nikotin, ka ajiye wasu musamman don dararen nan. In abin ya matsa, ka buga mata waya ko ƙarfe nawa ne, ku yi wannan yarjejeniyar tun yanzu. In an miƙo maka, kada ka ce kana ƙoƙarin bari, wannan amsar tana gayyatar a lallashe ka. Ka ce, "Na gode, ba na sha."

Ka kuma sa ido a ranar makoki, da ranar da kuka yi saɓani a gida, har da ranar farin ciki, domin ita ma takan zo da "yau dai ɗaya ba komai." In kuma ƙaddara ta sa ka zame, Allah ya kiyaye, ka karya abin da ya rage a hannunka nan take, ka faɗa mata a daren, gari na wayewa ka ɗora daga inda ka tsaya. Ba jiran Litinin, ba jiran wani azumin.

Yau shekarata 13 rabona da taba. Har yanzu nakan yi mafarki ina sha, in farka gabana na faɗuwa, sai in ga ashe mafarki ne, in yi hamdala. In ka yi irinsa kada ya tsorata ka, da yawa suna yi.

Ka rubuto mini in ka cika mako biyu, ka faɗa mini yadda kuka yi da maiɗakinka da abin da likita ya ce. Ka sake rubutowa bayan ƙaramar Sallah, wannan wasiƙar ce na fi jira. Ka gaishe ta da kyau, ka shafa mini kan yarinya.